Ƙarar da Taubashina Ya Yi Wata Uku Yana Nema

Akwai wata safiya a Kaura Namoda da ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce safiyar da na ratsa unguwarmu a guje ina tura baro, batir da inbata da motar keken ɗinki suna ta tsalle a ciki, takalmi a ƙafa ɗaya, ina salati da ƙarfi. Waɗanda suka gan ni sun ɗauka na zare. Ban zare ba, wasa na yi ya fi ƙarfina.

Ni tela ne. Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa da mutunci ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma har yau ba a yanke hukuncin wanda ya mallaki wani ba. Na taɓa ɗinke masa aljihun riga ranar Sallah, ya je masallacin idi yana ta laluben inda zai sa hannu. Shi kuma ya taɓa juya mini wayoyin fanka ta riƙa juyawa da baya, na kwana uku ina zufa ina tsine wa masu ƙera ta.

Sana'arsa gyaran rediyo da talabijin a kasuwa, amma ciwonsa sauraren nesa. Wani dattijo mutumin kudu da ya yi aikin sigina a tashar jirgin ƙasa ne ya sa masa wannan ciwo, kuma da zai koma garinsu ya bar masa wata tsohuwar rediyo mai nauyin tsiya. Ba ta aika magana, ji kawai take yi. A bakin taubashina na fara sanin cewa akwai wasu mutane a duniya, masu rediyon sha'awa, da ke hira da juna daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu da murya, wasu da ƙwanƙwasa. Shi ya fi son can ƙasan zango, kusa da matsakaicin zango da dogon zango, inda sai rana ta faɗi muryoyin ke tasowa. Suna zuwa a raunane, ƙaramar ƙarar lantarki ta isa ta binne su. Don haka ya ja wata doguwar waya, eriya ke nan, daga tagar ɗakinsa ta bi ta saman ɗakin ɗinkina, ya ɗaure ta a darbejiyar tsakar gidana. Ko izini bai nema ba. Da na yi magana sai ya ce, "Bawa da iccenai duk na ubangidanai na."

Na haɗiye wannan, ina jiran ranar ramuwa. Allah cikin ikonSa sai ya kawo mini ita har ɗaki.

Gwiwa ta fara damuna, sai na sayi 'yar ƙaramar mota na ɗaura wa keken, irin wadda ake taka feda ta juya, na haɗa ta da 'yar solata. Wata rana bayan magariba ina ƙarasa wani kaftani, na taka fedar, sai na ji rediyon taubashina ta bayan katanga ta yi wani irin gurnani, ƙurrrr, shi kuma ya ce, "Subhanallahi!" Na ɗaga ƙafa, shiru. Na sake takawa, ƙurrrr, "Kai, mi na na wanga?" Sau uku na gwada don in tabbata. A na ukun na kifa kaina a kan keken ina dariya har hawaye, na cusa tsumma a baki don kada ya ji. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari sai dai a ce sun yi kunnen doki.

Washegari na inganta aikin. Na cire bel ɗin da ya haɗa motar da keken, don ta riƙa juyawa ba ƙarar ɗinki, na lulluɓe ta da ƙyallaye. Da an idar da magariba sai in zauna in kasa kunne. Ina jin ya kama wata murya yana ce wa matarsa ta yi shiru, sai in taka. Da na ƙware har kiɗa nake masa: gajere, gajere, dogo, sannan in dakata ya ɗan samu rai, in sake. Ana kiran isha'i in tashi, mu haɗu a ƙofar gida mu tafi masallaci tare, ina tambayarsa ya mutanen bayan teku.

Abin da ya biyo baya, ko a makaranta ba za a koya wa mutum yaƙi da ƙarar rediyo kamar yadda na koya a wata ukun nan ba, domin duk matakin da zai ɗauka sai ya zo shagona ya yi mini bayani. Da farko ya kashe komai na gidansa, ya mai da rediyon kan batir zalla. Ƙara na nan. Ya tattara cajojin waya ya kulle a akwati, ya kwance fararen ƙwayayen lantarki, ya ce su ne manyan masu laifi, ya mai da iyalinsa kan fitilar ƙwai kamar zamanin kakanni. Matarsa ta zo wurin tawa tana ƙorafi, wai tuwo ma a duhu take kwashewa. Ƙara na nan. Ranar kasuwar Shinkafi ya hau mashin, ya je wurin masu tsofaffin kaya ya jido matattun talabijin, ya farfasa su ya ciro wasu baƙaƙen zobba. Ya ce in ka nannaɗe waya a jikinsu suna shaƙe ƙarar da ke bin bayan wayar ta shigo rediyo. Ya nannaɗe komai, har na ce masa saura wuyan akuya.

Gaskiya kowane mataki yana rage wani abu, don garin namu cike yake da ƙara: inbatoci, cajoji, da wayoyin wuta masu tartsatsi. Tawa ce dai ta ƙi mutuwa.

Sai ya ƙera wani abu da katako, kamar tagar da ba a sa wa ƙyaure ba, ya zagaye shi da siririyar waya, ya haɗa da ƙaramar rediyo. Ya nuna mini yadda yake aiki. Kana juya shi a hankali, inda ƙara ta mutu, to layin da fuskarsa ke kallo shi ne layin da take fitowa, ko ta gaba ko ta baya. Da wannan ya shiga farauta. Ni kuwa ƙofar gidansa tana da kuka, da na ji ƙiii sai in ɗaga ƙafa. Ya zagaya unguwa da tagarsa a hannu yara na binsa, ya tsaya a bakin wannan gida, ya juya a bakin wancan, ya dawo ya zauna, ƙofa ta sake cewa ƙiii, in taka. Ya samu littafi yana rubuta komai, lokacin da ƙara ta fara da lokacin da ta tsaya, har ya zana taswirar unguwa gida gida.

Wata rana ya zo ya zauna a bencin shagona ya yi tagumi, duk ya faɗa.

"Bawana," ya ce, "wagga ƙara hannun mutum gare ta. Na'ura ba ta san na hito ba ta yi kurum."

Na ce, "Halan aljannun darbejiya na ka sauraren labaru. Ka ɗaure musu waya ba ka yi sallama ba."

Ya harare ni, ya ce dama ba a shawara da tela. Ina gyara wuyan riga ina cizon leɓe. Da na faɗa masa a ranar, da ya bi ni da takalmi, an yi dariya, an wuce wurin. Amma daɗi ya hana ni.

Daga nan ya yanke shawarar raba eriya da gidaje gaba ɗaya. Muna da gonar gado a bayan unguwa, daga ita sai daji. Ya kwance wayarsa daga darbejiyata, ya kai ta can, ya shimfiɗa ta a kan gajerun sanduna ta miƙe tsawon gonar. Ya haƙa siririn rami tun daga gonar har bayan ɗakinsa, ya binne wayar da za ta kawo sauti, ya ce ƙasa na kare ta. A bakin gonar ya kafa sandar jan ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri a ramin, kullum da yamma ya kai jarkar ruwa ya zuba, wai busasshiyar ƙasa ba ta shanye ƙara. Awakin unguwa suka gano gishirin, sau biyu suna tone masa aiki, sai da ya kewaye wurin da ƙaya.

Aikin ya yi kyau, in faɗi gaskiya. Duk hayaniyar gari ta mutu, ya fara jin muryoyin da bai taɓa ji ba. Sai dai rediyon kanta tana nan jikin katangata, don haka tawa ƙarar ta rage ƙarfi amma ta fito fes, ita kaɗai, tat, tat, tarrr. Ga zafi, ƙofar ɗakinsa a buɗe, maƙwabta na ji.

A nan ne na yi wautar da ta fi taka feda muni. Lokacin hanyar Zurmi da ta Shinkafi ba a bin su sai da addu'a saboda 'yan bindiga, kuma babu kalmar da ta kai "infoma", wato mai kai musu labari, haɗari a bakin mutane. Masu kawo ɗinki suka fara tambayata. Me ɗan'uwanka ke binnewa a bayan gari? Wayar nan da ta kalli daji ta mece ce? Me ya sa yake tsayawa a ƙofar gidajen mutane yana rubutu? Maimakon in ce musu ciwon rediyo ne kawai, kuma ni ke kunna shi, sai in ɗaga kafaɗa in ce, "Ni kaina ban gane mishi ba kwanakin ga." Ina faɗa ina jin daɗin yadda za a ƙara ɗaukarsa mahaukaci. Ban lura ba mahaukaci suke ɗaukarsa ba.

Matata ce kaɗai ta san sirrin, don ta kama ni ina kiɗa da ƙafa babu zare a keke. Ta ce, "Malam, wanga wasa ya isa haka nan. Mata na magana bakin rijiya, kuma ba dariya su kai ba." Na ce mata ta bari sai Juma'a in bayyana masa a gaban jama'a, in ci nasarata cikakkiya.

Ranar Talata aka tare mota a hanyar Zurmi, aka tafi da mutane, cikinsu har da ƙanen wani Alhaji mai shagon hatsi da gidansa ke bayan nawa. Ranar Alhamis da hantsi ina yanka yadi, matar taubashina ta faɗo gidana ko mayafi babu, ta ce 'yan sintirin unguwa sun tafi da shi gidan mai unguwa, da rediyon, da katakon, da littafin.

Kafin in isa ƙofar gidan ta cika. Samari da gorori, fuska babu annuri. Na kutsa zaure na same shi zaune a ƙasa, hularsa a hannu, an yage masa wuyan riga. Shugaban 'yan sintiri ya buɗe littafin yana nuna wa mai unguwa. Ga taswirar unguwa, ga gidajen mutane da alamomi, ga lokuta a rubuce rana rana. Gidan Alhaji kuwa jan biro sau uku.

Taubashina yana ta bayani. Yana maganar zobba da gawayi da zango, babu mai fahimta. Mai unguwa, dattijo ne mai haƙuri, ya ce, "Bar wannan duka. Ƙwanƙwasar da maƙwabta ka ji kullum bayan magariba, wa ka aiko ta?"

Shi kuma sarkin gaskiya sai ya ce, "Ranka shi daɗe, mutum na ka yin ta, wannan na tabbata. Amma ban san ko wa na ba."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Daga waje wani ya ɗaga murya ya ce a miƙo shi. Alhaji na gefe, idanunsa jawur don bai yi barci ba tun Talata.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai matata. Na yi tsaye a wurin na ɗan lokaci ina lissafi. Zuciyata ta ce, in ka ce kai ne mai ƙwanƙwasar, kai za a miƙa. Na ji kunyar wannan tunani har yau, amma na yi shi. Abin da ya katse shi, taubashina ya ɗago ya gan ni, sai fuskarsa ta saki, kamar wanda ya ga ceto ya iso. Na san in na buɗe baki kawai ba mai yarda, za a ce ɗan'uwa ne ke kare ɗan'uwa. Na ce, "Ranka shi daɗe, don girman Allah a ba ni minti goma, kada kowa shi taɓa shi." Na fita da gudu.

Baron maƙwabci na tarar a hanya, ban ko nemi aro ba. Na kwance motar da fedarta, na ciro batir da inbata, na loda, na juyo. A nan takalmi ya tsinke na bar shi.

Na sauke kayan a tsakiyar zaure ina haki, na haɗa. Na ce wa taubashina ya kunna rediyonsa. Ya dube ni, ya dubi motar, ya maƙala wa rediyon batir da guntuwar waya ya kunna, ta fara shuuu a hankali. Na ajiye fedar gaban mai unguwa na ce, "Ranka shi daɗe, taka da ƙahwarka."

Dattijo ya zare ƙafa daga takalmi ya taka. Rediyo ta yi ƙurrrr har wani ɗan sintiri ya yi tsalle ya buge bango. Ya ɗaga, shiru. Ya taka, ƙurrrr. Na durƙusa na karɓi fedar da hannu na buga musu kiɗan da suka saba ji, tat, tat, tarrr. Wani maƙwabcinmu ya ce, "Wallahi ita ta! Ita ta muka ji!" Nan na zayyana komai, tun daga kaftanin farko har kukan ƙofa, har da abin da na riƙa ce wa masu kawo ɗinki. Shugaban 'yan sintiri ya juya rediyon gaba da baya yana neman inda ake magana a ciki, bai samu ba. Mai unguwa kuwa ya sake jawo fedar ya ɗan taka sau biyu, wai don ya ƙara tabbatarwa, amma na ga gemunsa na motsi. Dariya ta fara daga zaure ta fita waje, masu gorori suka riƙa leƙowa suna neman a ba su su taka.

Alhaji ne ya kashe dariyar. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya dube ni ya ce, "Ƙanena na daji, ku kuna nan kuna wasa." Ya fita. Gara a ce mari ya yi mini.

Mai unguwa ya yanke cewa a kwance wayar gona sai ƙasa ta lafa, a ƙona taswirar a gabansa. Ni kuma ya wanke ni tas a gaban yaran da na haifa da waɗanda na yi wa kayan suna, ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, kuma da furfura a gemuna. Ban ɗaga kai ba. Muka dawo gida, ni da baro a gaba, taubashina a baya rungume da rediyonsa.

Bayan la'asar ina zaune a ɗakin ɗinki na rasa abin da ke mini daɗi, sai ga shi da ƙarfen liƙi da dalma. Bai yi sallama da wasa ba, bai zage ni ba, kuma zagin nake jira. Ya ɗauki motar ya buɗe ta, ya nuna mini wasu 'yan gawayi biyu da ke gogar abin da ke juyawa, ya ce tartsatsinsu ne ƙarar. Ya liƙa 'yan ƙananan kafasito masu shanye tartsatsi, ya nannaɗe wayar wutar a baƙin zobe ɗaya, ya rufe. Ya kunna ƙaramar rediyonsa ya ce in taka. Na taka. Sai wani ɗan shuu da sai ka kasa kunne za ka ji. Duka aikin bai kai a dafa shayi ba.

Na ce, "Ka yahe mini."

Yana naɗe wayar ƙarfen liƙinsa ya ce, "Ka san mi ya sa gidan Alhaji ya sha jan biro? Kullum in na auna daga ɗakina, layin ta cikin wanga ɗaki naka ya ka bi shi wuce gidanai. Sau uku ina aunawa. Na tsallake ka, don na ce in kai na, da ka ga na rame ka hwaɗa mini."

Ya ɗauki kayansa ya fita. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar babana.

Ƙanen Alhaji ya dawo bayan makonni, Allah ya kuɓutar da shi. Taubashina ya yafe mini, amma sai da aka yi wata biyu kafin ya sake tsokanata, kuma ranar da ya yi har sadaka na bayar. Wayar gona ba ta koma ba. Ya koma sauraro da katakonsa a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, abin ji a kunne, kuma shekara ta zagayo akwai gidajen da in ya wuce ake yin shiru.

Ban daina wasa ba, don wanda aka haifa da tsiya ba ya tuba gaba ɗaya. Amma na koyi cewa wasan taubasai mutum biyu ke yin sa, kowa ya san ana yi. In kai kaɗai ke dariya a bayan katanga, ɗan'uwanka na ramewa, wannan cuta ce. Na kuma koyi cewa a garin da tsoro ya kama, in aka tambaye ka game da naka, ka faɗi alherin da ka sani nan take da baki cike, domin ɗaga kafaɗar da na yi a shago saura ƙiris ta sa a kashe mini ɗan'uwa.